Daren da Na Ƙi Amsa Sunana

Ba zan iya faɗin shekarar ba. Soja ne ke mulki, wannan kam na tabbata, don rediyon ƙanin babana ba ta da aiki sai ganga da busa da jawabi, kuma in aka jiyo ƙarar mota daga wajen hanyar Filinge manya sukan rage murya, ko da zancen akuya suke yi. Shekaruna shida ne ko bakwai. Takardar haihuwata ta ce bakwai, amma an yi ta ne daga baya, da za a sa ni lakwal, wato makarantar boko, kuma wanda ya rubuta ta haƙorana kawai ya duba. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Kurfai, ba nisa da Tabla. Abin da zan faɗa, wani na tuna shi da kaina, wani an ba ni labari har ya zama kamar na tuna. Zan yi ƙoƙari in riƙa nuna wanne ne wanne.

Ina tsoron duhu. Ba kura nake tsoro ba, ba ɓarawo ba, duhun kansa. A ganina na lokacin, duhu wani abu ne da yake wuni a cikin rijiya da ƙarƙashin itatuwan gawo, in an kira magariba sai ya taso ya shigo gari. Na lura kuma ɗaki yana riga tsakar gida yin duhu. Daga nan na yanke cewa ta ƙofa yake shiga, kuma ya san gidan sarai, tunda kai tsaye ɗaki yake nufa. Ban gaya wa kowa wannan binciken ba. Har yanzu ban cika faɗin sakamakon bincike ba sai na sake dubawa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyata ba ta kama sunana. Ba ta taɓa cewa ga wanda take yi wa kunyar ba, kunyar ce kawai ta gada, kuma ta riƙe ta da hannu biyu. In za ta kira ni sai ta ce "kai", ko "yaron ga", in kuma akwai baƙi sai in koma "wancan". In ta zuba mini tuwo ba ta miƙo mini, sai ta ajiye a bakin murhu ta ce wa iska, "Ga tuwo nan in da mai ci." Ni ne mai cin. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don ban san akwai wata hanya ba. Ƴaƴan fari na maƙwabta ma haka suke, duk "wancan" ne mu.

Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake, uwar babana. Ita tana kama sunana, amma ta fi ce mini mijinta, tana yi mini gorin ban taɓa kawo mata cefane ba. Tana da wata fitila ta gwangwanin madara, an huda murfin an zura tsumma, ana zuba kananzir. Haskenta bai wuce tabarma ɗaya ba, hayaƙinta kuwa ya isa gida biyu. Kowane dare in muka kwanta sai Kaka ta bar ta a kunne, ta ce allurarta ta faɗi, nema take yi. Ba na ganin tana nema. Kwanciyarta take yi tana tauna goro da sauran haƙoranta. In na yi barci sai ta hure. Sai da na girma na lura cewa babu allurar da ke ɓata kullum, kuma a lokaci guda.

Kaka tana da dokokin dare, ni kuwa yaro ne mai riƙe doka. Ba a yin fito da baki da dare. Ba a shara. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa ba tare da bismillah ba. Babbar cikinsu ita ce ta kira.

Ta ce, "Mijina, in ka jiya an kira sunanka da dare, kada ka amsa. Ko muryar wa ta."

Na ce, "Ko ta Baba?"

"Ko ta babanka. Abin dare aron murya shika yi. Kana amsawa, ya samu hanya."

"To in ke ce?"

"Ni da nike kwance kusa da kai, mi za ya sa in kira ka? Zungurar ka za ni yi."

Wannan amsar ta gamsar da ni. Ina jin, ko da yake ban taɓa tambayarta ba, abin da take nufi shi ne kada in bi yaran da ke zuwa bayan danga suna kiran juna zuwa wasan dare. In haka ne, ta ɓata dokarta a banza, don ko da kuɗi ba mai fitar da ni da dare. Amma na karɓi dokar yadda aka ba ni ita, ba ragi.

Akwai aiki ɗaya da nake yi mata. Tana da ɗan rumbunta na ƙasa a bayan ɗakinta, bisa duwatsu, ba shi da ƙofa sai baki ɗaya a sama da hular ciyawa. Nan take ajiyar wake da gyaɗa da ƴan dammunan geronta. Bakin ya yi wa babba kaɗan, don haka ni ake zurawa. Akan jingina wani kututture mai tsaga-tsaga a matsayin tsani, in hau, ta riƙe hannuna ta sassauta ni ciki, in miƙo mata abin da take so, ta jawo ni. Da rana ne kullum, hular a buɗe, haske yana zubowa. Ina son wurin. Yana da ƙanshin wake da toka, kuma ba wanda ke ce mini wancan a ciki.

Da farkon damina, ruwa ya sauka har tabkin bayan gari ya cika, aka aiko daga Damana cewa ƴar Kaka da ke aure can ta haihu. Kaka ta ɗaure kayanta. Na ɗaure nawa, wato riga ɗaya. Ta ce ba da ni ba, hanya ta ɓaci, kuma ba a zuwa gidan surukai da miji.

Na ce, "To ina za ni kwana?"

Wannan ita ce tambayar, kuma ban ga wanda ya ɗauke ta da nauyin da take da shi ba. Kaka ta ce a bar ni a ɗakinta da fitila. Babana ya ce ba a barin yaro shi kaɗai da wuta ƙarƙashin jinka, kuma gaskiyarsa. Ɗakin mahaifiyata ba wanda ya ambata, ita ma tana can tana daka kamar ba a gidan ake maganar ba. Babana ya yanke hukunci: zaure, tare da ƙaninsa, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, saurayi ne bai yi aure ba. Ya ƙara da cewa na isa, zamanin nan maza ake so.

Kaka ta hau amalanken jaki. Ta kulle ɗakinta, fitilar tana ciki.

Ban san ko wanda ya fara gina zaure ya taɓa tsoron duhu ba, amma ba na zato. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta waje ɗaya ta cikin gida, kuma babu wadda ke da ƙyaure. Ga wanda ya san ta inda duhu ke shiga, an kwantar da ni ne a kan hanyarsa. Baba Ƙarami yana da tocila, sai dai tocilar ta zance ce, da ita yake fita bayan isha'i, ba ya dawowa sai gari ya yi tsit.

Da zai fita ya haska fuskata ya ce, "Soja! Ka tsare muna gida."

Na ce, "Ka bar mini tocilar."

"In bar maka, budurwata ta gane ni da mi? Da muryata? Ai sai ta gudu. Kwanta, soja ba shi tsoro."

Na kwanta. Ban tuna na yi barci ba, ko da yake Baba Ƙarami ya ce da ya dawo ya tarar da ni ina minshari. Ban ƙaryata shi ba, amma ni abin da na tuna shi ne ina kallon ƙofa ɗaya, in tuna da ɗayar, in juya. Haka har asuba. Da safe wuyana ya ƙage. Mahaifiyata ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce wa turmi, "Wasu ba su kwana ba."

Wunin ranar na yi shi ina tunani. Duhu ta ƙofa yake shiga. Ina ne ba ƙofa a gidanmu? Da na samu amsar sai na yi mamakin yadda manya ba su taɓa gano ta ba.

Bayan la'asar na ci tuwona da wuri. Da rana ta yi ja, maza suka nufi masallaci, mata suna wajen murhu, na zagaya bayan ɗakin Kaka. Kututturen yana jingine. Na hau, na ture hular gefe, na zura ƙafafuna, na riƙe bakin da hannu ɗaya na jawo hular da ɗayan, na saki.

Abu biyu ne ban lissafa ba. Na farko, damina ta fara, rumbun ya yi ƙasa, don haka faɗuwar ta fi yadda na saba, kuma da na miƙe na ɗaga hannu ban kai bakin ba. Na biyu, da hular ta rufe, cikin rumbun ya yi duhun da ban taɓa ganin irinsa ba, tun ma ba a kira magariba ba. Na tsaya ina nazarin wannan. Ƙarshe na yanke cewa wannan duhun na Kaka ne, na gida, tare da wake aka ajiye shi, ba shi ne na rijiya ba. Ba zan ce bayanin ya kwantar mini da hankali ba, amma ya hana ni ihu. Na zauna a kan dammunan gero na rungume gwiwa. Ƙaiƙayi ya fara aikinsa, tun daga wuya.

Na ji kiran magariba. Na ji na isha'i. Tsakaninsu na ji kwanuka, na ji ƙanwata jinjira tana kuka an rarrashe ta. Ina jin na ɗan yi gyangyaɗi.

Abin da ya tashe ni sunana ne.

Muryar Baba Ƙarami ce, daga wajen zaure, da farko a hankali, kamar mai neman takalmi. Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Aka sake kira. Sai muryar Babana, ita kuwa ba a hankali ba. Na ce a raina, ga shi, daidai yadda Kaka ta faɗa. Abin ya zo zaure bai same ni ba, yanzu ya ari murya yana nema. Na ji tsoro ƙwarai, amma a ƙarƙashin tsoron akwai ɗan jin daɗi, irin na wanda lissafinsa ya fita.

Ba wai ban yi shakka ba. Na yi. Na ce wataƙila Baba ne da gaske. Amma na riga na tambaya a kan wannan, an kuma ba ni amsa: ko ta babanka. Ba a bar wani gurbi ba.

Kiran ya yaɗu. Na ji shi daga gidan maƙwabta, daga wajen masallaci, daga can nesa wajen gonaki, muryoyin maza da na mata, wasu na sani wasu ban sani ba. A cikin rumbu sauti yana zuwa ne kamar ta cikin tulu. Na fahimci abin ya gayyato danginsa.

Abin da ke faruwa a waje daga baya na ji shi, yawanci daga bakin Baba Ƙarami, wanda labarin yake ƙara tsawo duk shekara. An duba gidaje. An duba masallaci da garken awaki. Sai wani ya ambaci tabki, wani ya ambaci rijiya. Samari suka shiga tabkin da fitilu suna lalube da ƙafa, Baba Ƙarami a gaba, tocilarsa ta zance ta faɗa ruwa ba a sake ganinta ba. Babana ya sa aka ɗaura masa igiya a ƙugu a bakin rijiya. Wani ya ce a tura mai doki Filinge a sanar da jandarma. Mai gari ya ce a dakata sai safe, don in jandarma suka zo ba yaro kaɗai za su tambaya ba, sai sun tambayi har abin da bai ɓata ba. A kan wannan, in ji Baba Ƙarami, aka yi gardama a bakin rijiya, Babana yana tsaye da igiya a ƙugu yana jira a gama. Rumbun Kaka kuwa an wuce shi ba adadi. Hularsa a rufe take, kuma ba wanda ya ga dalilin da zai sa yaro mai tsoron duhu ya shiga wuri mafi duhu a gidan. Ni ma yanzu da ƙyar nake ganin dalilin.

Ina zaune ina susa, sai na ji wata murya da ban zata ba.

Daga tsakar gida ta fara, ta fita ta zaure, ta bi bayan danga. Muryar mahaifiyata ce, kuma sunana take kira. Ba guntun da yara ke kira ba, cikakken, wanda liman ya raɗa. Ban taɓa jin sa a wannan muryar ba. Ta fito da shi da ƙyar, kamar bakin bai san inda zai kama shi ba, ta sake, ta sake, har ya zauna mata. Daga nan ba ta tsaya ba.

A nan ne duk shakkata ta ƙare. Baba yana iya kirana, Baba Ƙarami yana iya kirana, amma wannan matar, ko gobara ake yi, ba za ta kama sunan nan ba, balle a gaban duk gari. Abin dare ya ari muryar da bai san dokarta ba. Baƙo ne, ya yi kuskure, na kama shi.

Sai dai zan faɗi wani abu, don in ban faɗa ba labarin bai cika ba. Duk da na kama shi, wannan kiran ne ya fi wuyar ƙi. Na sauran tsoro kawai suka ba ni. Wannan kuwa bakina buɗewa yake yi da kansa. Na cusa bakin rigata a ciki na cije. Na saurara, don ko na aro ne, ina so in ji yadda yake fita. Muryar ta yi nisa wajen tabki, ta dishe, ta dawo, ta ƙara dishewa. Hawaye suka haɗu da ƙaiƙayi a fuskata, abin da ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Ban san tsawon lokacin ba. Kiran ya ragu, ya koma can wajen rijiya. Gidan ya yi shiru. An ce matan unguwa ne suka kamo mahaifiyata suka maido ta gida, suka ce ta zauna saboda jinjirar da ke bayanta, su suka koma. Ba ta shiga ɗaki ba. Na ji takun mutum ya zagayo bayan ɗakin Kaka, inda ba mai gani, ya zauna ya jingina da rumbun. Na ji ginin ya ɗan motsa a bayana. Na daina numfashi.

Sai muryar ta yi magana ƙasa-ƙasa, a dishe, ba da kowa take ba.

"Kai, yaron ga. Kai marar jin magana. Ina ka tahi ka bar ni da mutane?"

Na duba maganar daga farko har ƙarshe. Babu suna a ciki. Dokar Kaka a kan suna take. Kuma wannan, ko a cikin barci aka tashe ni, na san ta: haka uwata ke magana.

Na cire rigar daga bakina na ce, "Na'am."

Jinjirar ta yi ɗan motsi.

"Wa ke nan?"

"Ni ne."

"Kai ina?"

"Cikin rumbu."

"Mi kaka yi cikin rumbu?"

"Kwana."

Na ji tana jan numfashi ta hanci.

"Ba ka jiya ana kiranka ba?"

"Na jiya."

"To?"

"Kaka ta ce ba a amsawa."

Na ji kututturen yana ƙara, ta hau da goyo a bayanta, ta ture hular. Ba farin wata, amma sararin sama ya fi cikin rumbu haske, na ga kanta baƙi a tsakiyar bakin. Ta zuro hannu. Ta fizgo ni da ƙarfin da har gobe kafaɗata ta dama takan tuna in an yi sanyi, ko da yake likita ya ce ba lallai ne daga nan ba.

Da muka sauka ba ta rungume ni ba. Ta juya ni, ta shiga bugun bayana da tafin hannu. Har yau ban tantance ko duka ne ko karkaɗe ƙaiƙayi ba. Ya yi ƙarfi a ce karkaɗa, ya kuma daɗe a ce duka, ta bi wuya, ta bi kai, ta bi hannuwa, ta koma wuya. Sannan ta je bakin danga ta ce wa matar maƙwabcinmu, da muryarta ta kullum, "A gaya musu wancan ya hito."

Suka dawo. Babana igiyar tana nan a ƙugunsa, ya manta bai kwance ba, wani yaro yana biye da shi riƙe da sauran. Baba Ƙarami laka har wuya. Ya dube ni ya ce, "Soja, an ce ka tsare gida, ka tahi ka tsare wake?" Aka tambaye ni dalili, na maimaita dokar kalma da kalma. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Wata tsohuwa ta ce ai yaron bai yi ƙarya ba, haka abin yake, ita ma ba ta amsawa. Babana ya ɗaga hannu, ya dubi jama'a, ya sauke, ya ce, "Gobe." Goben ta zo, an yi dukan, ba mai yawa ba.

Da mutane suka watse sai tambayar nan ta dawo inda take tun farko: ina zan kwana. Babana ya dubi zaure. Kafin ya buɗe baki mahaifiyata ta ce wa randar ruwa, "Zauren ga sauro gare shi." Ta shiga ɗakinta ta fito da ruwa a ƙwarya ta ajiye, ta ce in da mai wanke ƙaiƙayi. Da na gama na tarar an shimfiɗa ƴar tabarma a cikin ɗakin, nesa da ƙofa. Ba wanda ya ce tawa ce. Na kwanta.

Ta kwanta ta ba ni baya, fuskarta a bango. Fitilarta mai ƙwai ce, ta rage lagwanin amma ba ta kashe ba. Babana daga waje ya ce, kananzir fa. Ta ce saboda jinjira ne, tana tashi cikin dare. Jinjirar, a iya abin da na gani, ba ta ko motsa ba. A nan na kwana har Kaka ta dawo, kuma kullum jinjira tana bukatar fitila.

Kaka da aka ba ta labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ta tafi ta bar miji ta dawo ta tarar ya tare da wake. Sannan ta gyara dokar. Ta ce, "In duk gari na kiranka, ka amsa." Na tambaye ta mutum nawa ne duk gari. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Zancen kiran da mahaifiyata ta yi kuwa ba wanda ya tayar. Gari guda ya ji, gari guda ya manta. Ko Baba Ƙarami, da ba abin da ke tsira a bakinsa, in ya zo nan sai ya tsallake zuwa tocilarsa.

Shekarar da ta biyo aka kai ni lakwal a Filinge, daga nan Yamai, har jami'a. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya. Kaka ta rasu ina shekarar ƙarshe a lise, wato sakandare. Tsoron duhu ba zan ce ya bar ni ba, zan dai ce mun saba. Akwai tocila a ƙarƙashin matashina, akwai wata a aljihun tebur ko da ta farkon ta ƙi.

Yanzu a Filinge nake aiki, kuma ƴata ta fari ta gado ni. In aka ɗauke wuta sai ta ƙanƙame ni. Ina taka-tsantsan da abin da nake gaya mata. Duk dokar da na ba ta sai na bi ta da bayanin inda take aiki da inda ba ta aiki, da abin da za a yi in an yi shakka. Yawanci kafin in kai ƙarshe ta yi barci. Uwarta ta ce wannan ma hanya ce. Ina kama sunan ƴar tawa, tunda na yi boko, amma in mahaifiyata tana gidan sai in ji kaina ina cewa "yarinyar nan".

Wani zuwa da mahaifiyata ta yi ganin likitan ido, aka ɗauke wuta bayan isha'i, muna zaune a tsakar gida, jikar tata ta lafe a cinyarta. Na daɗe ina juya tambayar. Na fara da cewa wataƙila ba ta tuna ba, kuma in ba ta so ba sai ta amsa ba, kuma mai yiwuwa ni ne ban ji daidai ba tunda ina cikin rumbu. Ta ce in faɗi abin da zan faɗa, sauro na cizonta. Na ce, daren nan da na ɓata, na ji kamar ta kira sunana.

Ta ce, "Ni?"

Na ce, kamar dai muryarta.

Ta gyara wa yarinyar kwanciya. Ta ce, "Kakarka ba ta gaya maka abin da ke aron murya ba?"

Na ce ta gaya mini.

"To, shi ka jiya." Ta kori sauro daga ƙafar yarinyar. Can ta ce wa tabarma, "A kunna tocilar nan in da mai ita. Wasu ba su son duhu."

Yarinyar ta riga ta yi barci. Na kunna.